Ciyawa a Ƙofar Gidan Hajja Mardiya

A wata unguwa ta Garwa akwai layin da ya gangara tun daga kantin Mahamat har zuwa kwarin da ke kai ruwa kogin Binuwai. Gida goma sha biyu ne a layin, kuma na ƙarshe, can ƙasa, shi ne na Hajja Mardiya mai man gyaɗa. Ginin ƙasa ne, da zaure ɗaya da darbejiya a gefe da ɗan fili a gaba. Ba kyan gini ya sa aka san gidan ba, shara ce. Shekara arba'in da ɗoriya ba a taɓa ganin ciyawa ta kwana a ƙofar nan ba. Gari na wayewa Hajja za ta fito da tsintsiyar kaba ta share har ƙasa ta yi sumul, sannan ta koma da baya tana ja mata zane da bakin tsintsiya, baka-baka, don kada ko sawun ƙafarta ya ɓata aikin.

Da ma a kanta ta tsaya, da sauƙi. Duk amaryar da aka kawo layin, kafin lallenta ya goge, Hajja za ta iso da goro biyar da sabuwar tsintsiya. "Yarinya, ki riƙe wannan. In na ga ciyawa a ƙofarki zan ce malalaciya aka kawo mana, kuma maciji zai zo ya taya ki zama." Haka ta rene su ɗaya bayan ɗaya, Hausawa da Fulani da 'yan kudu, har layin ya zama ko akuya ba ta ɓata lokacinta a cikinsa.

Sai siminti ya zo. Mahamat, ɗan Kuseri mai kanti a saman layi, shi ya fara shafe gabansa ya ɗaga dakali. Na ƙasa da shi ya ga ruwan Mahamat na nufo shi, ya shafe nasa ya ƙara taki ɗaya. Na uku ya ƙara biyu. Hajja ma ba a bar ta a baya ba, ta shafe tsakar gida da rabin filin ƙofa, ta yi mako tana kiran mutane su zo su gani. Babu wanda ya tsaya ya tambayi inda ruwan gida goma sha ɗaya zai sauka in kowa ya ƙi shi.

A zauren Hajja ya sauka. Bara, cikin watan Agusta, ruwa ya shigo mata har gwiwa, ya jiƙa buhun gyaɗa shida, ya bar tsaga a bangon ɗakin marigayi mijinta, Malam Oumar. Kwana biyu bayan haka ɗanta Habib ya iso daga Yawunde, inda yake aikin haɗa magani. Shi kaɗai ta haifa. Ya tsaya yana duban shatin ruwan a bango, idonsa ya yi ja.

"Hajja, ya isa haka. Ki zo mu tafi. Na gyara miki ɗaki, gidan nan kuma a sayar tun bai faɗo a kanki ba."

"A kan bene hawa na uku? Wancan zuwan da na yi, wata guda ban taka ƙasa ba sai ran da zan dawo. In na yi sallama a matakala sai a ce min bonjour a wuce."

"Za ki saba."

"Kai ka saba."

Suka ja, suka ja, har Laila matar maƙwabci ta shigo raba su. A gabanta Hajja ta yanke magana. "Ka ba ni damina ɗaya. In ruwa ya sake ƙetare dokin ƙofar zauren nan, ba sai ka roƙe ni ba, da hannuna zan ɗaure kayana. In bai ƙetare ba, kada in sake jin sunan Yawunde a gidan nan sai a gaisuwa." Habib ya yarda nan take, don a ganinsa ya riga ya ci. Ya san uwarsa da taurin kai, amma ya san ba ta taɓa saɓa magana ba.

Dabarar da ta fara zuwa mata ita ce ta kowa: a sayo siminti, a ɗaga dakali ya fi na duk layin. Tana cikin auna ƙofar da kara, wata safiya a ƙarshen rani, sai ga Albertine da mai pus-pus, amalanken hannu, shaƙe da gyaɗa. Albertine mutuniyar dutse ce, daga tsaunukan bayan Mayo-Ulo, Kirista, gajera, mai murya kamar ana kiran wani a gona. Shekara ashirin tana kawo wa Hajja gyaɗa, kuma shekara ashirin suna tsokanar juna.

Albertine ta gaishe ta da Fulatanci. "Jam na, Maman Habib? Me ake aunawa, kabari?"

"Jam. Bakinki dai ba ya tsufa. Ruwa zan tare."

Albertine ta dubi layin tun daga sama har ƙasa, ta dubi karan, ta fashe da dariya. "Ki ɗaga shi ya kai ƙirji, ruwan zai zaga ya ci miki bango ta baya. Ku mutanen birni faɗa kuke yi da ruwa. Mu a dutse ba mu da wannan ƙarfin. Wuri muke ba shi ya zauna."

"Ya zauna a ina? A kaina?"

Albertine ta shiga gida ta ɗebo bokiti biyu. Na farko ta sheƙa a kan simintin ƙofa, ruwan ya ruga a guje ya je ya bugi zaure. Na biyu ta sheƙa a gindin darbejiya, inda ba a shafe ba. Ya taru, ya yi ɗan kumfa, suna tsaye suna kallo ƙasa ta shanye shi.

Daga nan ta shiga zana wa Hajja aikin a ƙasa da yatsa. A fasa simintin fili. A haƙa ramuka uku masu faɗi, marasa zurfi, ɗaya ƙasa da ɗaya kamar matakala, kuma taku huɗu nesa da bango don kada danshi ya ci gindin gini. A zuba musu tsakuwa da yashi. A bakin kowane rami a jera duwatsu a gicciye, ba tare da siminti ba, yadda ruwa zai tace ta tsakaninsu. Bayan duwatsun kuma a dasa jema, ciyawar nan da ake saƙa zana da ita, don saiwarta na nutsewa fiye da tsayin mutum, tana riƙe ƙasa tana buɗe wa ruwa hanya. Ruwan da ya zauna a ramin ba zai wuce yini ba, balle sauro ya samu wurin ƙwai.

"Tsaya," in ji Hajja. "Me kika ce a dasa?"

"Jema."

"Ciyawa. A ƙofata. Ni Mardiya."

"To ki zaɓa, ko ciyawa a ƙofarki ko bene hawa na uku."

Hajja ta koma gindin darbejiya ta tona da yatsa. Danshin ya nutse fiye da yadda yatsanta zai kai. Ita mace ce da in ta ga abu da idonta ba ta ƙara neman shawara. Ta jefar da karan awo ta ce, "Ki turo min Gaston da gudumarsa jibi."

Gaston, ƙanen Albertine, ya zo ya yi kwana huɗu yana fasa simintin da aka yi mako ana kiran mutane su gani. Ya fasa na fili, ya fasa rabin na tsakar gida, ya haƙa ramukan ya jera duwatsu. Da ruwan farko ya sauka a watan Mayu, Albertine ta kawo jema buhu ɗaya, suka raba ta kashi-kashi suka dasa. Cikin mako uku ta yi kore shar, ta miƙe.

A nan ne Hajja ta yi abin da bai kamace ta ba. Laila ta fito wata safiya ta tarar da ita tsaye a gaban ciyawar. Laila ita ce ɗalibarta ta gaban goshi, wadda ta fi kowa iya zanen tsintsiya.

"Hajja, lafiya? Wannan fa?"

Amsar gaskiya ba ta fi kalma goma ba. Amma Hajja ta dubi yarinyar da ita ta ba wa tsintsiya da goro, ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa. Sai ta dafa ƙugu ta ɗan ɓata fuska. "Bari kawai, 'yar nan. Gyara na sa a yi min, masu aikin suka bar min ramuka. Ciyawar kuma ta samu wuri. Ga bayan nan nawa ya hana ni sunkuyo."

Ciyawar da ta fito da kanta a jere kamar sahun salla! Amma wa zai ce Hajja Mardiya ta yi ƙarya? Laila ta ce Allah ya sawwaƙe, ta koma gida da tausayi fal zuciyarta, kafin azahar duk matan layin sun ji cewa tsufa ya kama Hajja har ciyawa ta raina ta.

Saura mako guda Layya, Albertine ta ce jemar ba ta isa ba, gara su je dutse su ɗebo da yawa. Hajja ta kulle zaure ta bi ta. Suka shiga mota zuwa Mayo-Ulo, daga can suka hau moto, wato babur, daga inda moto ya gaza suka taka. Wannan ne karon farko da Hajja ta ga inda gyaɗar da take matsa shekara ashirin take fitowa. Dutse ne tsaye, amma tun daga gindinsa har inda ido ya kai an jera masa duwatsu layi-layi, kowane layi yana riƙe da ƙasar da ba ta fi faɗin tabarma biyu ba, da dawa da gyaɗa a kai. An yi ruwa da yamma. Hajja ta tsaya a bakin bukka tana kallon yadda yake saukowa a hankali, yana hutawa a kowane mataki, har ya iso ƙasa ba shi da sauran fushi.

"Wa ya jera muku wannan?"

"Kowa. Kakata ta jera nata, na sama da ita ya jera nasa. In mutum ɗaya ya yi lalaci a sama, na ƙasa ne zai kwana da yunwa. Shi ya sa ba ma barin kowa ya yi lalaci."

Hajja ta ji maganar, ta ajiye ta a ranta. Suka kwana biyu, suka dawo da jema buhu biyar ɗaure a saman mota.

Tun daga kantin Mahamat ta hango ƙofarta. Fili ya yi fes. Babu rami ko ɗaya, an cike su an daddaɓe. Duwatsun an tara su a jikin bango, manya a ƙasa ƙanana a sama. Ciyawa ko ta magani babu. A kan ƙasar kuma ga zanen tsintsiya baka-baka, daidai da nata, ba sawun ƙafa ko ɗaya. Matan layin na tsaye a inuwar darbejiya suna jiranta da fara'a, Laila a gaba.

"Sannu da hanya, Hajja! Mun ce ba za a yi Salla da ƙofarki a haka ba muna raye. Tun jiya da safe muke kai. Har maza sun taya mu cike ramukan."

"Ciyawar fa?" Albertine ce ta tambaya, muryarta ta fita fiye da kullum.

"Ragunan Layya sun cinye ganyen. Saiwar kuwa, wallahi Hajja, ba mu taɓa ganin irinta ba, sai da muka sa diga. Mun watsa ta a kwari."

Albertine ta buɗe baki za ta yi abin da ta saba, Hajja ta riƙe mata hannu. Da wani ne ya yi mata wannan ɓarnar don mugunta, da layin nan bai ishe su ba shi da ita. Amma ta dubi hannun Laila duk ya yi kanta, ta dubi zanen da ke ƙasa, ta ga babu abin da suka yi sai abin da ta koya musu, kuma don ƙaunarta suka yi. Ga baƙin ciki, ga shi ba ta da wanda za ta ɗora wa laifi. Ta yi musu godiya da Fulatanci, "Usoko, Allah ya yi muku albarka," ta shige gida ta zauna a bakin gado ba ta ko cire mayafi ba. Aikin wata biyu ya tafi, kuma Agusta saura mako shida.

Ba ta daɗe a zaune ba. Hajja ba ta iya dogon zama da damuwa, ƙafarta ke fara ƙaiƙayi. Ta leƙo ta ce wa Albertine kada ta tafi, ta sa aka jiƙa buhunan jema a inuwa, ta aika aka sayo mata goro ƙwarya guda.

Washegari da hantsi ta yafa mayafinta na zuwa biki. Ta ɗauki goro biyar da dunƙulen jema ɗaya da saiwarsa, ta yi sallama a gidan Laila, kamar yadda ta yi shekara tara da suka wuce.

"Zauna, Laila. Bayana lafiyarsa ƙalau. Ƙarya na yi miki. Ciyawar nan ni na dasa ta da hannuna, ramukan ni na sa aka haƙa, don ruwa ya samu wurin zama kada ya kore ni daga gidana. Kunya ce ta hana ni faɗa miki, don ni na ce miki ciyawa ta malalaciya ce."

Laila ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Hajja, mun kashe ki!"

"Ba ku kashe ni ba, ga ni zaune. Share hawayenki ki karɓi wannan. Wancan karon na kawo miki tsintsiya. Ba na ce ki yar da ita ba, amma ban gaya miki duka ba, don ni ma ban sani ba. Wannan za ki dasa a ƙofarki."

"A ƙofata?"

"Ruwan da ke shiga zaurena, na gidanki ne da na Florentine da na Mahamat. Kowa ya riƙe nasa ko da rabi ne."

Haka ta bi layin gida-gida, tana hawa, Albertine na biye da buhu. A kowane gida sai ta fara da cewa ta yi ƙarya, kuma abin mamaki, a gida na huɗu maganar ta daina yi mata nauyi, har tana ƙara mata gishiri. Ba kowa ya karɓa ba. Wata ta ce maciji. Albertine ta ce a riƙa aske ciyawar kada ta wuce gwiwa, a share tsakaninta, maciji ba ya son wurin da ake taɓawa kullum. Matar ta ce ta ji, amma a kai kasuwa. Wata ta ce sai mai gida ya dawo daga Choliire, kuma har damina ta wuce bai dawo ba. Florentine, ma'aikaciyar jinya da ke gida na biyar, ita tun kafin a gama bayani ta ce a kira Gaston.

Mahamat ne ya fi wuya. Ya ce simintinsa bai yi wa kowa laifi ba, ruwa na Allah ne, inda ya ga dama nan yake bi.

"Na Allah ne," in ji Hajja, "amma kwanon rufinka ne ya tara shi, indararonka ne ya auno ni da shi." Ta ja kujerar da ke gaban kanti ta zauna. Duk wanda ya zo sayen sukari sai ta gaishe shi ta ba shi labarin buhun gyaɗa shida, da kuma yadda ita ta yi wa matar Mahamat wankan jego sau uku. Kafin la'asar Mahamat ya ɗaga hannu.

"Kalas, Hajja, ya isa! A fasa. Amma kamu biyu kawai, wallahi ko yatsa ba za a ƙara ba."

An fasa kamu uku. Ya kuma sa ganga a ƙarƙashin indararo, daga baya aka ji yana gaya wa mutane dabararsa ce.

A cikin gida goma sha ɗaya, bakwai suka yarda. Bayan Salla da kwana biyu aka fito, matan da suka cike ramuka su suka sake tone su, suna yi suna yi wa juna tsiya. Kowace ƙofa ta samu ɗan kwarinta da tsakuwa da jerin duwatsu da sahun jema. Na Hajja uku suka dawo yadda suke. Da aka gama, Albertine ta tsaya a ƙasan layi tana duban sama.

"In gaya miki gaskiya, Maman Habib? Ramukanki uku su kaɗai da ba su ishe ki ba. Na sani tun farko, na dai rasa yadda zan ce ki je ki roƙi mutane. Amma kada ki yi murna da yawa. An makara. Saiwar ba za ta kama sosai ba sai baɗi. Bana duwatsu ne za su yi aikin."

"Za su yi," in ji Hajja.

Ruwan Yuli ya zo ya wuce, ba a ji komai ba. Na farkon Agusta ya cika ramin Hajja na ɗaya da na biyu, ya tsaya. Amma duk wanda ya zauna a Garwa ya san akwai ruwa guda a kowace damina wanda shi ake jira, kuma bai zo ba tukuna. Habib ya ɗauki hutu ya iso a ƙarshen wata. Ya sauka daga moto ya tsaya yana kallon layin da ya tashi a ciki, kore tun daga sama har ƙasa.

"Hajja, ciyawa ce nake gani a ƙofarki?"

"Idonka ƙalau. Shigo ka ci abinci."

A gaban mutane Hajja ko gezau. Duk wanda ya tambaya sai ta ce ruwa ya gama shiga gidanta. Amma ran Juma'a da safe ta ga yadda gabas ta yi, ta ji iska ta ɗauke, zafi ya danne gari. Da Habib ya tafi masallaci sai ta jawo akwatin ƙarfenta na aure. Ta ninke zannuwanta ta jera, ta sa carbin Malam Oumar da hularsa, ta sa mabuɗin zaure na biyu. Ta ɗauko tsintsiyarta daga bayan ƙofa ta kwantar a sama, ta rufe, ta tura ƙarƙashin gado. Ta yi alkawari, kuma in ta faɗi ba ta son ɗanta ya tsaya yana jiranta tana neman ɗankwali. Tsoro take ji sosai, ba ta gaya wa kowa ba.

Bayan la'asar hadari ya gangamo. Hajja ta shimfiɗa tabarma a cikin zaure, daf da dokin ƙofa, ta zauna a ƙasa da tiren gyaɗa a cinya.

"Hajja, ki tashi daga nan, don Allah. Ki hau ko kujera ce."

"In zai shigo, ni zai fara gaisarwa. Zauna ka taya ni ɓara."

Bai zauna ba. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, har ba a jin magana sai an ɗaga murya. Daga inda suke suna ganin layin gaba ɗaya. Gangar Mahamat ta cika ta tumbatsa. Kwarin ƙofarsa ya cika, ya zubo wa na ƙasa. Gidajen da suka ƙi, ruwansu ya fito da gudu kamar kullum, ja wur, ɗauke da leda da takalmi, amma yana isa ƙofar Florentine ya ci karo da duwatsu ya baje. A kowace ƙofa akwai mace tsaye da buhu a ka. Laila ta fito cikin ruwan tsamo-tsamo tana cire ledar da ta toshe mata duwatsu.

Ramin Hajja na ɗaya ya cika. Na biyu ya cika. Ruwa ya kwantar da jemar, ya ture duwatsu biyu daga jeri, ya faɗa na uku. Hajja na ɓarar gyaɗa, sai dai ta daina duba inda take jefa ƙwaya da inda take jefa ɓawo. Na uku ya cika ya malalo, ruwan ya shimfiɗo a kan taku huɗun nan da suka rage, a hankali, har ya taɓa gindin dakali. Ya hau yatsa ɗaya. Ya hau biyu. Habib ya durƙusa ya sa hannu a bakin dokin ƙofa yana aunawa, kamar mai duba zazzaɓi.

"Saura nawa?" in ji Hajja, ba ta ɗago ba.

"Yatsa huɗu."

Aka jima. "Yanzu fa?"

"Uku."

Aka ƙara jimawa, ƙarar kwano ta fara sassautawa. "Yanzu fa?"

Habib ya sake aunawa. "Huɗu," ya ce. "Hajja, yana komawa."

Kafin a kira magariba filin ya fito, sai laka da ganyen darbejiya. Ramukan na riƙe da ruwansu suna sha a hankali. Daga saman layi wata ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa, har ta iso ƙofar Laila. Hajja ta ajiye tire ta ce, "To, ai na faɗa muku," amma da ta yunƙura za ta tashi, sai a lokacin ta ji jikinta na rawa.

"Sanyi ne," ta ce. "Ɗauko min mayafi mai kauri a ɗaki."

Habib ya shiga. Ya duba kan igiya babu, ya duba cikin kwalla babu. Ta ji ƙarar akwati ana jawo shi daga ƙarƙashin gado, sai kuma shiru. Da ya fito, mayafin na kafaɗarsa, tsintsiyar na hannunsa, idonsa ya yi ja irin na bara.

"Hajja, har da tsintsiya?"

"Can ma ai ana shara."

Ya yafa mata mayafin, ya gyara mata shi a wuya. Sannan ya taka zuwa bayan ƙofar zaure, ya jingine tsintsiyar a lungun da take tun yana rarrafe, kanta a sama yadda Hajja ke so.

"Sauran kayan fa?" ya tambaya.

"Ka mayar da kowanne inda yake. Ai ka san wurinsu."